Awa 17 a hanya, minti uku a gaban alƙalai: yaron da ya je tantancewar wasan daɓe Kano har sau biyu

Asalin lamarin

Yaron ɗalibina ne tun yana aji huɗu na sakandare, ni ke riƙe da ƙungiyar dirama ta makarantar a lokacin, yanzu shekararsa 22, ƙauyensu na ƙasar Ringim ne a Jigawa, kilomita wajen tara daga bakin kwalta. Ba zan faɗi sunansa ba don shi ya roƙa. Noma yake yi tare da mahaifinsa, gero da riɗi da damina, alkama da tumatur a fadama da rani. Murya kam Allah ya ba shi, in ana biki ko saukar Islamiyya shi ake miƙa wa lasifika, kuma yana da waƙoƙi biyu da ya taɓa bugawa a wani ɗan situdiyo a cikin gari da kuɗin riɗinsa.

Ranar 2 ga Janairu 2024 wani abokinsa ya turo masa sanarwa a WhatsApp, wai wata ƙungiya a Kano za ta shirya wasan daɓe mai haɗe da waƙa da rawa, irin wanda ake yi a gaban jama'a kai tsaye, suna neman masu waƙa da 'yan amshi da masu rawa. Tantancewa ranar Asabar 13 ga wata, ƙarfe 9 na safe, a wani zaure da ke bayan titin Gidan Zoo. Kuɗin fom 1,000, a zo da hoto biyu, kowa ya shirya waƙa ɗaya. Iya abin da ke jikin sanarwar kenan.

2 zuwa 12 ga Janairu: shiri

Kwana goman nan duk a kan waƙa suka ƙare. Ya zaɓi ɗaya cikin nasa na situdiyo, ta soyayya, irin mai siririyar muryar nan da fiyano ke ɗauke rabin aikin, ya koma wajen mai situdiyon aka cire masa murya aka bar kiɗan zalla aka tura masa a waya. Kullum da daddare yana bi da iyafis a kunne.

Kuɗi kuma ya sayar da zabbi biyu ya haɗa da ɗan abin da ke hannunsa, ya tashi da 7,500. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an zauna an yi masa lissafi, to muka zauna muka yi, muka ga zai isa zuwa da dawowa da ɗan abin taɓawa.

Maganar kwana ta taso, don yana da kawu ƙanin mahaifiyarsa, tela ne a Sheka, wanda daga gidansa zuwa titin Gidan Zoo tafiyar ƙafa ce. Innarsa ta ce ya tafi tun Juma'a ya kwana can. Babansa ya ce a'a, Juma'ar nan ranar ban ruwan alkama ce kuma shi ba zai iya da inji shi kaɗai ba, dama dai ba son tafiyar yake ba, cewa yake "ni ban ga abin da ɗan mutunci zai je nema wajen 'yan wasa ba". Da yaron ya zo ya tambaye ni, na ce masa ai Kano ba nisa, in ka yi sammako kafin tara kana ciki, kar ka ɓata wa Baba rai tun ba a je ko'ina ba. A haka aka tsaya.

Asabar 13 ga Janairu: zuwa

Ya tashi ƙarfe 4:30, gaskiya ma ya ce bai yi barcin kirki ba. Ya yi asuba a masallaci, ƙarfe 6:00 ya hau acaɓa. Wanda ya san hunturun Janairu a ƙasar nan ya san me ake nufi da kilomita tara a bayan babur gari bai waye ba, hazo ya rufe ko'ina, iska kamar ana yanka da reza, shi kuma ya ƙi sa rigar sanyi ya ƙi naɗe fuska don kar shaddar da ya kai wa mai guga ta yamutse. Har waƙar yake bi a hankali a bayan ɗan acaɓan, baki buɗe, ƙura na shiga. 700 ya biya.

Ya iso bakin titi 6:30. Motocin da ke tahowa daga wajen Haɗeja da Gujungu duk a cike suke wucewa, sai 7:40 wata Sharon ta tsaya, aka cusa shi a can baya kusa da gilashin da ba ya rufuwa sai da kwali, 1,500. Gab da Gezawa taya ta yi faci, safayar ma ba iska, direba ya tare babur ya tafi neman mai faci, suka tsaya minti 50 a bakin hanya. A nan ya sayi goro wai don barci, ya kora da fiya wata mai sanyi ƙarara. Tashar Yankaba 10:20.

Daga Yankaba zuwa titin Gidan Zoo sai an keta gari, kuma acaɓa an hana shi a cikin birnin tun 2013, sai adaidaita sahu. Bai san cewa hawa biyu zai yi ba, na farko ya sauke shi a Bata, ya sake neman wani, ga gosulo, ga hayaƙi, 600 duka biyun. An sauke shi wajen Gidan Zoo ɗin, ya yi ta tambaya lungu lungu don sanarwar ba ta da cikakken kwatance. Ya shiga harabar wajen 11:35.

Layi, da minti ukun

Ya biya fom, sai aka ce hoton da ya kawo ba irinsa ake so ba, ya fita ya sake ɗauka 500. Lambar da aka ba shi 86. Waɗanda suka zo tun bakwai, yawancinsu 'yan unguwannin kusa, su ke da ɗaya zuwa talatin, wasu har sun gama sun tafi gida.

Zaman jira a tsakar gida ake yi, ba rumfa. Bai fita cin abinci ba don tsoron kar a kira lambarsa yana waje, biskit ɗaya ya ci da ruwa leda ɗaya, ruwan ma kaɗan kaɗan don bai ga bayi ba. Abin da ya yi ta yi shi ne maimaita waƙar, ya ce ya rera ta ta fi sau ashirin a jikin katanga, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci da raɗa in mutane sun matso. Wajen ƙarfe 2:00 wayar ta mutu, da kiɗan a cikinta. Soket ɗaya ne a wajen kuma an yi masa layi. Ƙarfe uku ya fara jin maƙogwaro na ƙaiƙayi, ya shiga kakari yana gyaran murya, ya sayi Tom Tom ya tsotsa har uku.

An kira shi 4:50. Mutum uku ne a tebur, darakta da mai fiyano da wata Hajiya mai koyar da rawa. Abin da bai sani ba, rawa ake fara yi. Hajiyar ta nuna taku huɗu ta ce ya bi, aka sa kiɗa na kamar minti ɗaya, ya bi ba laifi amma yana haki, ana kashe kiɗan daraktan ya ce "to bisimilla, waƙarka." Ya waiga yana neman makirfo, babu. Ya ce ranka ya daɗe kiɗana na cikin waya kuma ta mutu, mai fiyanon ya ce ba komai fara zan bi ka. Ya fara a sama kamar yadda aka buga ta a situdiyo, baitin farko ya fita a shaƙe, da ya zo inda ake jan murya sai ta tsinke gaba ɗaya, iska kawai ke fita. Ya sake, ta sake tsinkewa. Daraktan ya tambaye shi daga ina, ya faɗa, ya ce "yau ka taho?" ya ce eh. Ya rubuta wani abu a jikin fom ɗin ya ce mun gode, za a neme ka.

Dawowa

Ya fito 5:15, Yankaba 6:30, motar ba ta cika ba sai 7:45 kuma kuɗin dare 1,800. Ya sauka a mahaɗarsu 9:40 da 500 a aljihu, ɗan acaɓa ɗaya da ya rage ya ce 1,200 ko sisi ba ragi. Wani mai shayi ne ya ara masa waya ya kira yayansa ya zo da babur. Ya shiga gida 11:15, awa 17 kenan da fita. Washegari da na je muryar ko sallama ba ta iya amsawa.

14 zuwa 25 ga Janairu: abin da aka gwada

Kwana ukun farko magani aka yi ta yi. Innarsa ta dafa masa citta da kanumfari da masoro, ta karɓo tofi, yayarsa ta aiko da zuma. Wani abokinsa ya ce ɗanyen ƙwai mawaƙa ke sha, ya fasa biyu ya shanye, ba abin da ya ƙaru sai tashin zuciya. Tom Tom kuwa yana sanyaya wuya na ɗan lokaci ne ya sa mutum ya ji kamar ya warke ya ci gaba da magana. Ni abin da na sa shi kawai ya yi shiru, ba waƙa ba raɗa, ruwan ɗumi ya yi ta sha, da safe da dare ya yi sirace da ruwan zafi ya lulluɓa da zane. Rana ta huɗu muryar ta dawo.

Ranar 18 ga wata saƙo ya shigo wayarsa. Manyan gurabe an cike su, amma 'yan amshi ba su cika ba, ana kiran mutum 20 su dawo Asabar 27 ga wata, kuma yana ciki. Daga baya ya ga abin da daraktan ya rubuta a fom ɗinsa, kalma uku ce, a sake ji.

To a nan muka canza salon shirin. Na kai shi filin ƙwallon firamare da yamma, na tsaya a raga ɗaya shi a ɗayar, na ce rera waƙar taka. Wallahi ko rabin kalmomin ban ji ba. Irin waƙar nan an gina ta ne don makirfo, kamar yadda ake yi a fina-finanmu inda mawaƙi ke shiga situdiyo ya rera a nutse baki dab da na'ura, a gyara a goge, jarumi kuma ya zo ya yi mamin, wato ya bi waƙar da baki kawai, a gaban kyamara. A daɓe kuwa mutum ɗaya ne zai yi takun, ya yi waƙar, na kujerar ƙarshe ya ji. Mun gwada sauke waƙar ƙasa, ta zama lami, ba ta da daɗi. Mun gwada ya ƙara ƙarfi, cikin minti goma wuya ya fara zafi muka tsaya.

Sai ƙaninsa da ya biyo mu kallo ya ce "Yaya me zai hana ka yi ta gayya?" Wata waƙar noma ce da shi yaron ya ƙirƙira da kansa suke yi in an yi gayya, yana bayarwa ana amsawa, wadda yake jin kunyar kai ta birni wai ta ƙauye ce. Ya ɗaga ta, ƙanin ya amsa, ni ina can raga ina jin kowane harafi, har matan da ke dawowa daga rijiya suka tsaya. Daga ƙirji take fitowa, a inda muryarsa ta saba zama, kuma dama a sunkuye ana aiki ake yin ta, to haki ba ya kashe ta. Daga ranar kullum sai ya zaga filin da gudu sau ɗaya, ya tsaya, ya ja numfashi biyu ya fara. Sau uku kawai a rana, ba ƙari.

Saura Baba. Wannan karon ni na je da kaina na same shi a fadama, na ce Baba wancan karon ni na ba da shawarar sammako kuma ga yadda ta kaya, ina neman alfarma a bar shi ya kwana. Ya yi shiru yana gyara hanyar ruwa, can ya ce "Malam ba kwanan ne damuwata ba, su waye mutanen?" Aka kira Kawu a waya, ya ce zai taka da ƙafarsa ya gani. Ya je, ya tambaya ko suna da rajista da hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda tun 2001 take kula da irin waɗannan harkoki, aka nuna masa takarda, ya ga wajen ya ga mutanen, ya bugo ya ce "Yaya a bar min shi, amanarsa na wuyana." Ban ruwa kuma aka matso da shi Alhamis.

Juma'a 26 da Asabar 27 ga Janairu

Ya bar gida 9:30 na safe rana ta ɗaga, da rigar sanyi da hirami ya naɗe hanci da baki, shaddar na cikin leda a jaka. A mota ya roƙi tsakiya. Gorar ruwa lita ɗaya da rabi a hannu, ba goro, ba waƙa. Ya yi Juma'a a Kano, la'asar yana Sheka. Da yamma Kawu ya taka da shi har ƙofar zauren suka duba agogo, minti 18 a ƙafa. Ya ci tuwo, ya yi sirace, tara ya kwanta.

Asabar ya karya da koko da ƙosai, 7:15 yana wajen, lamba 3. Bai rera komai a layi ba sai ɗan gunji a hanci na minti biyar. An kira shi 9:40. Rawar dai ita aka fara, da aka kashe kiɗa ya ja numfashinsa biyu, sai ya ce "ranka ya daɗe waƙar tawa tana son amshi." Daraktan ya yi dariya ya ce faɗi amshin, ya faɗa, su ukun suka karɓa har da Hajiya tana buga tebur. An ce baiti biyu, sai da ya yi huɗu ba a tsayar da shi ba. Mai fiyanon ya sa shi ya bi sauti sama da ƙasa don ya ji iyakar muryar, a sama ya tsaya da wuri, aka rubuta. Ƙarfe 10:00 ya fito. Daren ranar ne Najeriya ta ci Kamaru 2 da nema a gasar kofin Afirka, ya ce a gidan kallo ya rama duk shirun kwana biyun.

Kuɗin wannan zuwan 5,800 ne har da tsarabar da ya kai wa matar Kawu.

Abin da ya biyo baya

Ranar 30 ga wata aka sanar, yana cikin 'yan amshi takwas da aka ɗauka, kuma an ba shi baiti ɗaya da zai bayar shi kaɗai a fitowar gona. Babban gurbin da ya so tun farko wani ɗan birni ya samu. Rihazal kwana uku a mako, wanda ba yadda za a yi ya riƙa zuwa daga gida, sai ya tare a Sheka yana yi wa Kawu guga da sa maɓalli a shago. An tsaya da azumi ya kama ranar 11 ga Maris, aka yi wasan bayan ƙaramar salla ta 10 ga Afrilu, dare biyu. Abin da aka sallame shi da shi 15,000. Girbin alkama ya zo masa a tsakiya, ƙaninsa da ɗan ƙodago suka yi, kuɗin ƙodagon daga cikin 15,000 ɗin ya fita. Farkon damina ya koma gida.

Yadda na ga lamarin

Zuwan farko tun a bayan acaɓa aka faɗi. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da maƙogwaro, ruwan da zai jiƙa shi kuwa ba a take yake aiki ba, sai an sha tun awanni kafin nan, shi kuma ya wuni da leda biyu. Ya ɗora rashin barci da yunwa, sannan ya ƙarasa ɗan abin da ya rage da maimaici sau ashirin da raɗa da kakari, waɗanda duk gurzar wuya suke. Laifin sammakon nawa ne, na auna nisan Kano da kilomita na manta cewa motar haya sai ta cika take tashi kuma taya ba ta da alƙawari.

Sai dai ba na jin kwana kaɗai zai ba shi gurbin. Ko da lafiyayyar murya ya je ranar 13, waccan waƙar ba za ta kai bangon zauren ba, filin ƙwallo ya nuna mana haka. Kwanan ya kai shi gabansu da muryarsa cikakkiya, waƙar gayyar ta nuna musu irin aikin da muryar za ta iya, ita kuwa shawarar yaro ɗan shekara 14 ce. Zuma da citta ban ce ba su yi komai ba, amma shirun da ruwan na fi ba wa ƙarfi.

Su ma masu shirya abin ina da magana a kansu. Da sun rubuta a sanarwa cewa ba makirfo kuma rawa ake fara yi, da mutane da yawa sun shirya daban. Ba da lamba bisa wanda ya riga zuwa kuma yana nufin duk wanda ya fito daga nesa shi zai sha rana ya shiga a gajiye, alhali ana iya ware musu lokaci tun daga fom. Daraktan dai ya kyauta da ya yi tambayar nan ta yau ka taho, ban san mutum nawa ne cikin 86 ɗin ba a yi musu ita ba.

Ta fuskar kuɗi an yi asara, in ka haɗa zuwa biyu da ƙodago, 15,000 ba ta rufe ba, Baba kuma ya lissafa masa wannan tsaf a gabana. Ƙungiyar ta ce za ta neme shi in wani wasan ya taso. Sharaɗin da Baba ya kafa shi ne kar ya faɗo lokacin shuka ko girbi, kuma a Sheka zai kwana.